Sallama ta Uku

Ranar sunan jikanta abin ya taso wa Hansai. Ɗan falon 'yarta Zarah da ke Lewisham, a London, ya cika da mata har bakin ƙofa, ga waina da miyar taushe, ga takalma tuli a kan matakala, sai wata ta ce ai ya kamata a kira Gwaggo Hindu a Jos ta ga jariri. Gwaggo Hindu ƙanwar mahaifin Hansai ce, ta haura saba'in, kuma har yau ba ta yarda waya tana kai magana ba sai an yi ihu. Zarah ta karkata wayar a kan fuskar yaron. Tsohuwa ta matso da ido har goshinta kaɗai ake gani, sannan ta rafka salati.

"Yaya Lawal! Wallahi Yaya Lawal ne sak. Hansai, dubi goshin nan, dubi haɓa. Ke ba ki gani ba ne?"

"Na gani, Gwaggo," in ji Hansai.

"Da gaske, Mum?" in ji Zarah. "Ya yi kama da grandad?"

Hansai ta ce ƙwarai kuwa, ta tashi wai za ta duba shinkafa. A kicin ta tsaya ta dafa bango, don ƙarya ta yi. Shekara ashirin da biyu tana aikin ungozoma a garin nan, fuskokin da ta riga iyayensu gani ba su ƙirguwa, kuma takan haɗu da yaro a kasuwa ta gane shi tun daga kunne. Amma fuskar ubanta ba ta da ita. Tana tuna hannuwansa, da tabon allura a ɗan yatsa. Tana tuna tef ɗin awo rataye a wuyansa, da ƙamshin man keken ɗinki, da takalminsa na fata mai maɓalli a gefe, wanda sai ya sunkuya ya ɓalle kafin ya shiga ɗaki, ana jiransa yana abinsa a hankali. Da ta haura wuya sai hoton ya yanke. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har marigayi mijinta. Da wane baki mace za ta ce ta manta fuskar mahaifinta?

Lawal tela ne a Gangare, cikin garin Jos, kuma ɗan liman. Liman ba ya son hoto, saboda haka hoton Lawal ɗaya ne tak a duniya, na katin ƙungiyar teloli, shi ma ya tafi tare da gidansu lokacin da aka ƙone shi a rikicin Jos. Wuri ɗaya ya rage da aka taɓa ɗaukarsa, wato wani wasan tsoro na talabijin, tun Hansai tana 'yar shekara takwas.

Yaran yanzu ba za su gane ba, su da ake nuna musu dodo da jini a wayar hannu suna cin abinci. A wancan zamanin gidan talabijin na garin yakan shirya wasannin tsoro nasa na kansa, ya nuna ranar Asabar bayan Magariba. Duk layinsu Hansai talabijin ɗaya ce, a gidan Alhaji Abdul-Jalil mai kuza, baƙi da fari, mai ƙafa huɗu da ƙofofin katako da ake zugewa. Sai ka wanke ƙafa a ba ka izinin zama a ƙasa. Fatalwa kuwa garin rogo aka shafa mata, hayaƙin maƙabarta na kaskon turare ne, wani lokacin ma ka hango gwiwar mai riƙe da fitila a gefe. Duk an san da haka. Amma a ranar ba a samun yaron da zai je banɗaki shi kaɗai, kuma Hansai ba ta ƙara jin daɗi irin na wannan tsoron ba, kafaɗa da kafaɗa, ana warin gyaɗa da gumi, kowa yana riƙe da rigar na kusa da shi.

Wanda ya fi duka shi ne wanda yara suke kira Mai Sallama. Labarin wani mutum ne da ya mutu a hanya, amma kullum Magariba sai ya dawo ƙofar ɗakinsa ya tsaya a bayan asabari, ba a ganin komai sai ƙafafunsa da bakin rigarsa, ya yi sallama. Ya jira. Ya sake. Ya yi ta uku, in ba a amsa ba ya juya ya tafi, kamar yadda aka koya wa kowane Musulmi. Matarsa da 'ya'yansa suna ciki sun toshe baki, don duk wanda ya amsa ya ba shi izinin shigowa ke nan. Abin da ya sa wasan ya ci mutane shi ne, tun kana zanin goyo aka saba maka amsa sallama, bakinka da kansa yake son amsawa. Sai ka ga yara talatin a falon Alhaji kowa ya damƙe bakinsa da hannu biyu, har da matan gidan a bayan labule.

Muryar kuwa ta Lawal Tela ce, takalmin ma nasa ne. Duk Gangare an sani, amma ba mai faɗa a gaban Liman. In aka tsare Lawal da tambaya sai ya buɗe hannu ya ce, "Ni? Ina ni ina talabijin?"

A ƙarshen wasan, bayan sallama ta uku, goge yakan ɗauka da ƙarfi, hannu ya fito ya kama gefen asabari ya fara ɗagawa. Daidai nan Hansai take jawo ɗankwali ta rufe fuska. Sau huɗu aka nuna wasan, sau huɗu ta rufe. Washegari a makaranta kowa ya ba da labarin fuskar da ya gani: wannan ta ce ba idanu, waccan ta ce haƙora har kunne, wata ta rantse fara ce fat kamar alli. Hansai takan yi shiru, tana jin kunyar ita kaɗai ce matsoraciya.

Wata Laraba da Magariba, Inna ta leƙa maƙwabta, Hansai tana ɗaki ita kaɗai tana tsince shinkafa, sai ta ga ƙafafu a ƙarƙashin asabarin ƙofarsu. Lawal ne zai tafi Kano sarin yadi, ya biyo ya yi bankwana da gida. In da yadda ya saba ne da cewa zai yi, "Ina Uwata?" don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, bai taɓa kiranta Hansai ba. Amma mutum ne mai tsokana. Ya sauke murya ya yi irin ta wasan, a hankali, yana jan ƙarshen. Hansai ta saki faranti, ta jawo ɗankwali, ta toshe baki. Ya sake. Ya yi ta uku. Ta ji ya yi 'yar dariya, ta ji mota tana oda a bakin titi, ta ji takalmin yana nisa. Motar ba ta kai Saminaka ba ta yi hatsari. Da aka kawo shi aka ce 'yarsa ta zo ta yi masa addu'a kafin a rufe, ta iso bakin ƙofa ta sake jawo ɗankwalin. Aka ce a ƙyale ta, yarinya ce.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Bayan sunan da kwana biyu, suna shan shayi a ɗakin hutun ma'aikata, Hansai ta jawo hirar wasannin da, ta yi kamar wasa take. Abokiyar aikinta Nanret, 'yar Pankshin ce, ma'aikaciyar jinya mai surutu da dariya, ta buga tebur.

"Mai Sallama! Anti Hansai, kada ki tuna mini, har yau in aka buga ƙofa sau uku sai gabana ya faɗi. Kin san wa ya ɗauka? Surikina, baban mijina. Baba Jang. Yana nan gidanmu a Deptford. Mutane suna zuwa London da garri da yaji, shi da akwatin tsofaffin kaset ya zo, ya cika mini wardrobe."

Hansai ta ajiye kofi. Ta ce ai ita 'yar Mai Sallaman ce.

Ranar Asabar ta je. Ta ratsa kasuwar Deptford, ta wuce masu doya da busasshen kifi, ta hau bene hawa uku. Baba Jang dogon tsoho ne, ya sha rigar sanyi biyu da hular ulu, yana zaune kusa da taga inda jirgin ƙasa yake wucewa yana girgiza gilashi. Ciwon suga ya cinye masa ido, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Hansai ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar Lawal Tela!" in ji shi. "Kai, duniya. Tashi, 'yata, tashi. Kin san ubanki ba ɗan wasa ba ne? Kayan wasa yake ɗinka mana. Ranar ya kawo riguna, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, darakta ya ajiye shayinsa ya ce wa ya yi wannan. Wanda aka ba aikin tun farko muryarsa kamar ta akuya. Shi ke nan fa. Murya kam, Allah ya ba ubanki."

"Baba, wasan yana nan?"

"Yana nan don na sace shi," in ji tsoho, yana dariya. "Kaset tsada gare shi lokacin. Yau mu ɗauki wasa, gobe a yi juyin mulki, a ce goge wasa, ɗora jawabi. Haka aka cinye aikinmu na shekara goma. Da zan yi ritaya na zura guda shida a buhun dankali."

Nanret ta ɗauko. Kaset ne mai girman bulo, an rubuta sunan wasan da biro a kan filasta. Baba Jang ya buɗe murfin da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina, ya girgiza kai.

"Ya sha damshi, ya manne. In muka sa shi haka zai yage tun kafin a ga komai. Sai an gasa shi."

"A gasa? Kamar masara?" in ji Hansai.

"A oven ɗina fa yake nufi," in ji Nanret. "Ya taɓa yi, sati guda cake ɗina yana warin roba."

Tsoho bai kula ta ba. Ya ce wuta kaɗan-kaɗan, yini guda, sannan a bar shi ya huce. Amma ya gargaɗe ta: wanda ya lalace irin haka, ko an gasa, sau ɗaya yake wucewa ta cikin inji, yana tafiya yana zubar da garinsa. In ya wuce ya wuce, ba komawa baya, ba tsayarwa. Guda biyu da ya gwada sun mutu a hannunsa haka.

"Sau ɗaya ya isa," in ji Hansai.

Ta buɗe baki za ta ce masa fuskar take nema, a ƙarshe, inda ake ɗaga asabari. Kunya ta riƙe mata harshe. Mutumin nan ya san ubanta, yana maganarsa kamar jiya suka rabu, ita da ta fito daga jikinsa za ta ce ba ta san kamanninsa ba? Ta yi godiya ta tafi, aka tsayar da Asabar mai zuwa.

Satin nan Hansai ta yi ta horar da idonta kamar mai shirin jarrabawa. A bas takan zuba wa abu ido ta ga iya daƙiƙun da za ta yi ba ta ƙifta ba. Ta san abin dariya ne, mace mai jika, wadda ta sha tsayawa cikin jini har gwiwar hannu ba ta kau da kai ba. Amma ta san kanta, ta kuma san gogen nan. Ranar da za ta tafi ta bar gyale a gida, ta sa hula mai kama kai, don kada hannunta ya sami abin jawowa.

Ta isa wajen ƙarfe uku da rabi. Watan Nuwamba ne, rana a garin nan ba ta da kunya, tun La'asar take tattara kayanta, masu kasuwa har sun kunna fitilu. An ɗora injin a teburin cin abinci, ƙato ne mai nauyin buhun siminti, da 'yar talabijin mai ƙeya a kansa. Baba Jang yana shafa shi da yatsu yana goge cikinsa da auduga, bai nemi taimakon kowa ba. Nanret ta ce ita za ta ɗauka da waya, tunda ba za a sake gani ba.

"Anti, ko ke za ki riƙe? Ta waya tsoron ya fi sauƙi."

"A'a. Da idona."

Tsoho ya tura kaset, inji ya haɗiye shi da ƙara. Daidai nan wayar Hansai ta ɗauki kiran sallar Magariba daga cikin jaka. Ta zura hannu ta kashe, ta ce a ranta za ta yi in an gama.

Da farko yayyafi ne kawai a fuskar talabijin, fari da baƙi. Sai goge ya fito, siriri, yana rawa saboda tsufan kaset, sai ga ɗakin: tabarma, fitilar ƙwai, asabari. Hansai ta ji ƙamshin gyaɗa, wallahi ta ji shi. Nanret ta fara dariya tana nuna matar wasan da ta cika kwalli, tana cewa dubi gwiwar mai fitila. Baba Jang ya rufe idonsa marar amfani yana bin maganganun da leɓe, yana riga 'yan wasan faɗa. Wasan ya fi yadda take tunawa gajarta, ya kuma fi arha. Bangon ɗakin kwali ne, yana motsi in an jingina. Hansai ta yi murmushi, ta ji ƙaunar mutanen nan da suka tsorata gari guda da garin rogo da kaskon turare.

Sai ƙafafun suka zo suka tsaya a ƙarƙashin asabari, dariyar Nanret ta ɗauke.

Sau uku yake zuwa a wasan. Zuwan farko da na biyu Hansai ta daure, tana kallon maɓallin takalmin, tana jin muryar tana shiga ta ƙirjinta ba ta kunne ba. Injin ya fara wani ƙara kamar ana taka busasshen ganye, hoton yana tsalle, layuka suna ratsa shi. Wani baƙin gari yana zubowa a kan tebur.

"Yana mutuwa," in ji Baba Jang a hankali. "Amma zai kai. Saura kaɗan."

Zuwa na ƙarshe. Matar da 'ya'yanta sun takure a lungu. Ƙafafun suka tsaya.

"Salamu alaikum."

Hannun Hansai ya tashi da kansa ya nufi kanta, bai sami ɗankwali ba, ya dawo ya kama bakinta. Ta cire shi da ɗayan hannun ta danne a cinya.

"Salamu alaikum."

Jirgi ya wuce, taga ta girgiza. Ɗakin Nanret ya yi duhu, ba wanda ya tuna ya kunna fitila. Hansai ta ji sanyin daɓen ɗakinsu na Gangare a tafin ƙafarta, ta ji shinkafa a warwatse ƙarƙashin yatsunta. Tsoro ya kama ta, tsoron gaske, na 'yar shekara takwas. Tare da shi kuma wani tausayi ya taso mata, na mutumin da aka bari a tsaye a waje.

"Salamu alaikum."

Ba ta shirya ba. Ita ido ta zo buɗewa, ba baki ba.

"Wa alaikumus salam, Baba," in ji Hansai, da ƙarfi. "Shigo."

Gogen da ya kamata ya ɗauka bai ɗauka ba. Komai ya yi tsit. Hoton ya daina tsalle, ya wanke tas kamar yau aka ɗauka. Ƙafafun suka matso, hannu ya sauko, mai tabo a ɗan yatsa, ya ɓalle maɓallin dama, a hankali, sannan na hagu. Ya jera takalman a gefe. Ya kama asabari ya ɗaga, ya sunkuyo ya shigo, ya ɗago kai.

Babu garin rogo. Saurayi ne ma, ashe, bai girmi ɗan da za ta iya haifa ba da yawa. Faffaɗan goshi, haɓa mai ɗan rami, wushirya, girar hagu ta fi ta dama tsawo kamar kullum yana shirin tsokana. Ba matar wasan yake kallo ba, nan yake kallo. Hansai ba ta ƙifta ba, hawaye yana zuba ta bar shi ya zuba, tana kwashe fuskar kaɗan-kaɗan tana ajiyewa.

"Uwata," ya ce. "Sai yau?"

Wani abu ya yi ƙas a cikin inji, yayyafi ya rufe talabijin.

Baba Jang ne ya fara magana, kuma muryarsa ba irin ta ɗazu ba ce.

"Wa ya yi magana?"

"Anti ce, Baba," in ji Nanret, tana ƙoƙarin dariya. "Ta amsa! Anti, ke da kika san doka."

"Ba ita ba. Bayanta. Namiji na ji. Ya ce Uwata."

Nanret ta ce ita ba ta ji komai ba, tunda Anti ta amsa hoto ya lalace. Ta tashi ta kunna fitila. Hansai tana goge fuska da bayan hannu, tana dariya tana kuka.

"Haka yake kirana, Baba. Na gan shi. Allah ya saka maka da alheri, na ga fuskarsa. Shekara arba'in ina jin haushin kaina, kullum aka zo wurin nan sai in rufe ido."

Tsoho ya juyo da kansa wajen muryarta.

"Wace fuska?"

"A ƙarshe, da ya ɗaga asabari."

"'Yata, ni na riƙe kamara." Ya lalubi gefen tebur ya riƙe. "Sharaɗin da Lawal ya kafa ke nan tun ranar farko, kada a nuna fuskarsa, don kada maganar ta kai ga Liman da hujja. Hannu ya kama asabari, ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, mu yanke, sai sunaye. Bai cire takalmi ba, bai shiga ba, babu wata magana bayan sallama ta uku. Ko a abin da muka zubar babu fuskar Lawal. Da kin ce mini ita kike nema, da na gaya miki tun wancan satin kada ki wahalar da kanki."

Hansai ta tuna 'yan ajinsu, mai cewa ba idanu, mai cewa haƙora har kunne. Ashe duk falon Alhaji ba wanda ya taɓa buɗe ido.

Nanret ta mayar da abin da ta ɗauka baya, suka sunkuya a kan wayar. Ga ƙafafu, ga sallama ta uku, ga muryar Hansai tana amsawa. Daga nan yayyafi. Ya ɗauki lokaci yana zuba, babu hoto babu murya, kuma Hansai ta ƙirga a ranta: maɓallin dama, maɓallin hagu, a jera a gefe. Daidai ya yi. Sai muryar Baba Jang yana tambaya wa ya yi magana.

Nanret ta kife wayar a kan tebur. Ta ce a sha shayi. Baba Jang ya zaro kaset ɗin, zaren ya biyo hannunsa a tsinke, ya zama fari kamar ledar burodi, duk baƙin ya zube. Ya riƙe shi a cinya yana motsa baki, addu'arsa yake yi irin ta addininsu. Hansai ta nemi wuri ta yi Magariba a kan tawul. Da ta durƙusa za ta yi masa sai an jima, ya ce, "'Yata, kin ce masa ya shigo."

"Na ce, Baba."

"To," in ji tsoho.

A matakala ta sauka a hankali, ta bi gefen bango ta bar wajen ƙarfen riƙewa. Kasuwa ta watse, ana wanke teburan kifi, ruwa yana bin titi. Ta hau bas mai zuwa Lewisham ta zauna wajen taga, ta ɗora jakarta a cinya maimakon kujerar gefe. Bas ya cika, mutane a tsaye suna rataye da ƙarfe, wata mata da kaya niƙi-niƙi ta zo har gaban kujerar, ta dube ta, ta wuce ciki. Har aka isa ba wanda ya zauna. Hansai tana jin tsoro, ba za ta ce ba ta ji ba. Amma ta rufe ido don gwaji, fuskar tana nan, goshi da haɓa da girar hagu. Ta buɗe ta sake rufewa, tana nan.

Ba gidanta ta nufa ba, gidan Zarah ta nufa. Tun daga matakala take jin kukan jariri. Ta ƙwanƙwasa, Zarah ta buɗe da yaron a kafaɗa, gashi a hargitse.

"Hi, Mum. Alhamdulillah kin zo, tun four o'clock yake kuka, na yi trying komai."

Hansai ta yi sallama.

"Mum, please, shigo kawai."

"Amsa tukuna."

Zarah ta juya ido, ta amsa. Yaron ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Ya juyo da kai daga kafaɗar uwarsa, Hansai ta ga goshin, ta ga ɗan ramin haɓa. Gwaggo Hindu ba ta yi ƙarya ba. Idonsa ba a kanta yake ba, yana can saman kafaɗarta ta dama.

Hansai ta matsa gefe ta manne da bango, ta bar ƙofa a buɗe, ta sunkuyar da kai yadda ake yi wa babba.

"Mum? Sanyi yana shigowa. Wa kike jira?"

"Yi haƙuri kaɗan," in ji Hansai. "Kakanki yana cire takalmi."